Gitar da Ban Samu Gyarawa Ba

Ba zan taɓa mantawa da makon da Yaya Garba ya bar mini shago ba. Kwana biyar kacal ya yi a hanya, amma kafin ya dawo na rufe layi guda na Kasuwar Kilomita Biyar da hannuna, ba tare da na yi niyya ba.

Bari in fara da halina, don shi ne tushen abin. Ni mutum ne mai dubawa. In na kulle shago da yamma, sai na kai bakin titi in dawo in ja kwaɗon, in tafi, in sake dawowa. Ƙwan lantarki ba ya barin shagonmu sai na kunna shi sau biyu, na farko don mai saye, na biyu don zuciyata. Maƙwabcinmu Jibrin, mai sayar da lasifika, Duwan yake kirana, wato kwastan, wai ma'aikatan kan iyaka ba su kai ni binciken kwali ba. Karatuna aji shida ne na firamare. Ya ishe ni in karanta abin da ke jikin kwali, bai ishe ni in gane shi ba. Abin da na riƙe da kyau shi ne abin da mahaifinmu ya bar mana, cewa ba a sayar wa mutum kaya a ɓoye masa aibinsu. Yaya Garba ya ɗauki wannan magana ya yi kasuwanci da ita cikin kwanciyar hankali. Ni kuwa ta zame mini ciwo.

Shagon na Yaya ne, ni mataimaki ne. Muna sayar da tocila da rediyo da fanka da waya da makamantansu. Gita ba ta cikin layinmu. Abin da ya kawo ta shi ne Papa Firmin, wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ke kaɗa gitar da ake kira bas a cocinsu, can wata unguwa a ɗaya gefen gari. Tun muna yara yake sayen batir wurin mahaifinmu. A shekarun rikici ya daina zuwa, kamar yadda kowa daga can ya daina, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Yaya bai bar shi ba. Yana kiransa a waya lokacin sallarmu, yana kiransa lokacin tasu, har wata rana Papa ya ce bas ɗin cocinsu ta mutu, kuma waɗanda ke manyan kantunan tsakiyar gari sun fi ƙarfinsu. Sai Yaya ya sa aka ɗora masa guda uku masu sauƙin kuɗi, 'yan China, a cikin kayan da ke zuwa daga Duwala.

“In ya zo da ƙafarsa ya koma lafiya da kaya mai kyau, sauran za su biyo shi,” in ji Yaya. “Coci nawa ne a garin nan? Kowanne da gitarsa da lasifikarsa. Hanyar nake so ta buɗe.”

Ana cikin haka wata mota mai ɗauke da sauran kayanmu ta lalace kusa da iyaka, dole Yaya ya tafi. Da zai hau babur ya tsaya ya dube ni.

“Asabar zai zo. Ka ba shi kujera, ka ba shi ruwa, ka bar shi ya zaɓa. Kar ka taɓa komai.”

“To, Yaya.”

“Na san ka fa. Kar ka taɓa.”

Na yi kwana biyu ban taɓa ba. Kwalayen uku suna jingine a bayan fankoki, dogaye, ina wucewa ina kawar da kai. Ranar Alhamis na yi wa kaina fatawa, na ce dubawa daban, taɓawa daban. (Ban je wurin malami ba, don na san abin da zai ce.) Na sauke ƙofa rabi na buɗe su.

Gaskiya sun yi kyau. Ɗaya ja, ɗaya baƙa, ɗaya kuma launin burodin da ya gasu, tsakiya haske, gefe ƙuna. Suna sheƙi kamar sabuwar mota, suna warin fenti da gam. Na ɗauki jar na ji ba ta da nauyin da girmanta ya yi alkawari. Daga nan hankalina ya fara tashi.

Na ƙirga tsirkiya, na samu huɗu. Na ƙirga ta baƙar, huɗu. Na fita na je shagon aski, inda aka manna hoton wani makaɗi rungume da gitarsa, na tsaya kamar mai jiran layi na ƙirga tasa. Shida. Na sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama. Shida. Wato an cuce mu tsirkiya biyu-biyu a kowace.

Na dawo na juya ta, ba rami a cikinta. Katako ne dunƙulalle. Ni dai na san garaya da ƙoƙonta, gurmi da nasa, gitar da na taɓa gani hannun samarin unguwa da raminta a tsakiya. Ta ina murya za ta fito? Na ja tsirkiyar da yatsa. Kauri gare ta kamar wayar birkin keke, ga ta sako-sako, tana karkarwa kamar igiyar shanya. Abin da ya fito kuwa ba za a kira shi sauti ba. Wani gurnani ne can ƙasa, sai ka kara kunne ka ji shi, irin na cikin mutumin da bai karya kumallo ba.

Na ga wani ɗan rami na sa waya a gefe, na gane ana haɗa ta da lasifika. Amma na ce a raina, lasifika ai ƙara murya take, ba ta gyara ta. Mai mura in ya riƙe lasifika, murarsa za a ji da ƙarfi.

A nan ne ya kamata in taka taku biyar in tambayi Jibrin. Ban je ba. Jibrin mutumin kirki ne, amma abin da ya ji da hantsi ya kai kasuwar Kokoro kafin azahar. Na hango labarin yana yawo, cewa Garba ya kira dattijon coci ya ƙetaro gari don ya sayar masa da jabu. Don haka na yi shiru na zauna da damuwata. In na faɗi aibin, Papa zai tafi ya ce Kilomita Biyar tarkace ake sayarwa. In na ɓoye, na ci amanar mahaifinmu a kabarinsa. Na kasa cin abinci. Matata Hajara ta tambaye ni ko ciwon haƙorin ne ya dawo, na ce a'a, gita ce. Ta dube ni ta ɗauke kwanon.

Ranar Juma'a da safe hanya ta uku ta zo mini, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai. Tsirkiya biyun da suka ɓata ba ni da yadda zan yi da su, ramin ma haka. Amma murya tana gyaruwa. Kowa ya san in tsirkiya ta saki, ɗaure ta ake yi. Na ɗauki jar na kama kunnuwan da ke kanta na fara murɗawa. Muryar ta fara tashi. Na ƙara, ta ƙara. Da kunnuwan suka yi tauri suka fi ƙarfin yatsa, na ɗauko filaya, na naɗe bakinta da tsumma don kar ta ƙarce fenti. (Ina so a rubuta mini wannan, ban ƙarce fentin ko ɗaya ba.) Na yi ta murɗawa har kowace tsirkiya ta miƙe ƙam, tana cewa “tin” kamar an buga cokali a kofin shayi. Na gama jar na kama baƙar. Katakon yana ɗan kuka a hannuna, na ce sabon abu ne, yana sabawa.

Zan kama ta uku ke nan aka fara kiran salla daga Masallacin Koudoukou. Na ajiye filaya na tafi. Da na dawo masu saye suka taru, ban sake samun sarari ba. Na tura ta bayan kwalayen fanka, na ce wannan ba za ta fito gaban baƙo a haka ba.

An kwana ana ruwa. Da safe na lura wuyan biyun ya ɗan lanƙwaso, tsirkiyoyin sun tashi sama har ɗan yatsana yana wucewa ta ƙarƙashinsu. Na ɗauka alamar lafiya ce.

Papa Firmin ya iso wajen ƙarfe goma a bayan ɗan acaba, da riga mai guga da takalmi mai sheƙi, da wayarsa ta haɗa gita da lasifika a naɗe a hannu. Na ga yana waige-waige kafin ya sauko. Ya tsufa, kansa ya yi fari. Muka gaisa da yaren Sango, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambayi lafiyar Yaya, ya yi mini ta'aziyyar mahaifinmu. Tun da ya rasu shekarun baya ba mu haɗu ba. Ya cire hularsa, ya mayar.

Ba wuta, kamar kullum. Jibrin ya tayar da janaretansa, ya fito da lasifikarsa mafi girma, wadda ta kai ƙirjin mutum, ya kafa ta a ƙofar shagonmu. Tun da ya ga akwai 'yan kallo ya murɗa ta har ƙarshe. Masu tura kura suka tsaya, masu atamfa suka leƙo, mai soya doya ta matso da kaskonta. Na shimfiɗa tabarma na kwantar da jar da baƙar. Sannan na miƙe tsaye na gyara murya, na ɗaga ta yadda kowa zai zama shaida.

“Papa, kafin ka sa hannu. Gidanmu ba ma ɓoye aibi, ka san mahaifinmu. Kayan nan suna da aibi uku.”

Ya ce, “Ina jin ka, ɗana.”

“Na farko, tsirkiya huɗu ce. Biyu sun ɓata, ko a masana'anta ko a hanya, Allah ne masani. Na biyu, an manta ba a huda mata ciki ba. Na uku, ta zo da shaƙaƙƙiyar murya, kamar sa. Amma wannan kar ya dame ka, na gyara da kaina. Ba sai ka ƙara komai ba.”

Jibrin ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Papa bai yi dariya ba. Ya sa tabarau.

“Ka gyara,” ya ce.

“Da filaya. Amma na sa tsumma.”

Ya ɗauki jar, ya kafa gindinta a ƙasa, ya rufe ido ɗaya ya bi wuyanta da kallo kamar kafinta yana duba katako. Ya daɗe a haka. Ya ajiye ta a hankali, kamar mai ajiye jariri marar lafiya. Ya ɗauki baƙar, ya soka mata wayarsa, ya ɗora ta a cinya, ya kai hannu zai sassauta kunnen farko.

Ban sani ba ko kunne ya taɓa ko tsirkiya. A ƙasan gitar akwai wani farantin ƙarfe da ke riƙe da tsirkiyoyin, an kafe shi da ƙananan kusoshi a cikin katako mai laushi. Ya kwana yana haƙuri da aikina. A daidai lokacin haƙurinsa ya ƙare. Ya tumɓuke gaba ɗaya da kusoshinsa, kuma lasifikar Jibrin, wadda ke murɗe har ƙarshe, ta sanar da kasuwa.

Wanda bai zauna a unguwarmu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Mu in muka ji ƙara irin wannan ba ma tambayar mene ne. Jiki ya riga ya koya. Kafin ƙiftawar ido ƙofofin ƙarfe suka fara sauka, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi. Masu kura suka watsar da kura. Mai doya ta gudu da kasko ta bar doyar. Wani ya yi ihu a rufe, aka rufe. Jibrin, da ya fi kowa sanin daga ina ƙarar ta fito, ya shige bayan lasifikarsa. Ni na samu kaina a ƙarƙashin tebur, rungume da kwalin ƙwan lantarki.

Da na leƙo, sai na ga Papa Firmin. Mutumin da Yaya ya yi shekaru yana lallashi ya tako Kilomita Biyar, yana kwance rub-da-ciki a cikin taɓon ruwan jiya, hannu biyu a kan ƙeya, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a bakin kwata. Baƙar gitar tana gefensa, tsirkiyoyinta sun baje kamar gashin bakin kyanwa.

An yi kamar minti biyu ba motsi. Sannan muryar Jibrin ta fito daga bayan lasifika.

“Jama'a ku fito, ba komai. Duwan ne ya yi gyara.”

Dariyar ba ta zo nan da nan ba. Ta fara daga wurin masu atamfa, ta bi layi kamar yadda rufe ƙofofin ya bi. Na fita na ɗaga Papa, na ɗauko masa takalminsa, na kawo buta. Ya wanke hannu. Ya zare wayarsa daga gawar gitar ya fara naɗewa, yana duban titi yana neman ɗan acaba. Na ga hanyar da Yaya ke so ta buɗe tana rufewa a gabana, ni ne kuma kwaɗon.

Ba wayo ne ya sa na yi magana ba. Ciwon nan nawa ne, na kasa barin mutum ya tafi ban faɗa masa komai da komai ba.

“Papa, akwai ta uku. Amma ita ban samu gyarawa ba.”

Ya daina naɗe waya.

“Ba ka taɓa ta ba?”

“Kiran salla ne ya katse ni.”

“To Allahnku ya so ta,” ya ce. “Kawo.”

Na ɗauko mai launin burodi. Ya sa Jibrin ya rage lasifika. Ya zauna da rigarsa mai taɓo, ya murɗa kunnuwan kaɗan-kaɗan da yatsu biyu, kamar mai gyara fitilar ƙwai, yana kara kunne. Sannan ya fara kaɗawa.

Gurnanin nan da na raina shi ne ya fito, amma ya zama wani abu dabam. Ban fara jin sa a kunne ba, a ƙirji na ji shi, da tafin ƙafa. Kwanon rufin shago ya amsa. Ƙwayayen lantarki suka ɗauki ƙyar-ƙyar a cikin kwalinsu. Sauti ne mai faɗi, mai taushi, yana tafiya a natse kamar babbar mota cike da kaya. Mai doya ta dawo tana tsince doyarta, ƙugunta yana bin kiɗan ba ta sani ba.

“Bas ke nan,” in ji Papa, bai daina ba. “Huɗu ake yin ta. Aikinta ta zauna a ƙasa. Mata su hau sama da waƙa, ita ta riƙe musu ƙasa. Kai kuma ka ɗauki mai riƙe tsani ka ce sai ya hau.”

Daga nan ya koya mini aibi, na gaske, ɗaya bayan ɗaya, a gaban shaidun da na tara da bakina. Ya ɗage hannu daga tsirkiya, lasifika ta kama zuuu kamar ƙudan zuma. Ya mayar, ta yi shiru. Ya ce wayoyin cikin ne ba a lulluɓe su da kyau ba, duk masu araha haka suke. Ya kama yatsana ya bi da shi gefen wuyan, ƙarafunan da ke jere suka kusa yanka ni. Ya ce ba a goge bakinsu ba, aikin rabin yini ne da zarto mai laushi. Ya girgiza wayar a raminta, sauti ya yanke ya dawo. Ya danna tsirkiya mafi kauri can sama, ta yi ɗan zirr kamar ƙwaro a kwalba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ban gani ba, ni da na kwana biyu ina bincike.

“To jabu ce ke nan, Papa?”

“Ba jabu ba ce, talaka ce. Mai tsada da ka taɓa ta take waƙa. Wannan sai ka lallashe ta, kuma muryarta ba ta daɗewa a iska, tana saurin mutuwa. Amma in mutum talatin suna waƙa a kanta, wa zai sani? Za ta kai mu shekaru, in ba a kawo maka ita gyara ba.”

Ya ɗauke ta. Kafin ya tafi ya sassauta jar da kansa, ya ce a kwantar da ita mako guda kar kowa ya kula ta, watakila wuyan ya yafe. Baƙar kuma a kai wa kafinta ya cike ramukan ya sa dogayen kusoshi. Ya hau acaba da kwalin a tsaye a bayansa, ya ce in gaida Garba, in gaya masa ya ji tsoro a Kilomita Biyar kamar yadda ya zata, amma ba irin wanda ya zata ba.

Yaya ya dawo ranar Lahadi da yamma. Tun a tashar shiga gari aka ba shi labari, har da ƙarin cewa gini ya rushe. Ya shigo ya dubi baƙar gitar, ya dubi filaya, ya dube ni.

“Me na ce maka?”

“Dubawa na yi, Yaya.”

Ya sa filayar a aljihu. Har yau a aljihunsa take kwana.

Jar ta miƙe, ko da ba duka ba. Baƙar ta warke da tabo, Jibrin ya karɓe ta yana gwada lasifika da ita. Bayan wata biyu wasu mutum biyu daga wani cocin suka zo, sun ce Papa Firmin ya ba da labarin bayan addu'a, an yi dariya har an share hawaye, kuma ya ce shagon ba ya ɓoye komai, har aibin da babu yana faɗa. Suka tambaya ko akwai bas. Yaya ya ce akwai. Babban cikinsu ya dube ni da ladabi ya ce a ba su wadda ba a gyara ba.

Ban daina bayyana aibi ba, ba zan iya ba. Sai dai na koyi cewa kafin ka ce abu ba shi da lafiya, ya kamata ka taɓa ganin mai lafiyarsa. Yanzu duk wanda ya zo sayen bas, nakan miƙe in gyara murya kamar yadda na saba, in ce masa tana zuuu, bakin ƙarafunanta na yanka, ramin wayarta na girgiɗi. Sannan in ƙara da na huɗu, wanda ya fi su duka, in ce ni ne mai jiran shagon, amma ga kwalin nan a manne, ya duba da idonsa.